Rasuwar Gamalat, Mai Ciyar da Na Ƙasan Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake haushi ya cinye fiye da rabin wurin, iyalan marigayi Hajj Abdul-Mawla Shatta, na ƙauyen da ke bakin babban tafkin Burullus, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk mai gonar kifi daga nan har Baltim, rasuwar Gamalat, na'urar matse abincin kifi ta masana'antarsu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki, da dusa a bakinta. Ta haura shekara talatin tana hidima. Duk wanda ya ji ana cewa tsufa ne ya kashe ta, to kada ya yarda. Magani ne ya kashe ta, kuma za a zo kan wannan.

Uwar makoki ita ce Abla Nabawiyya, matar marigayi Hajj, wadda ta koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Ita ta ce a yi wannan sanarwa. Ɗanta Ra'afat, injiniyan da ke riƙe da masana'antar yanzu, ya ce ba a taɓa yi wa ƙarfe sanarwar rasuwa ba, mutane dariya za su yi. Ta ce masa ai shi ya sa ba a sa sunansa a sama ba.

Marigayiya ta iso gidan nan a bayan babbar mota, a shekarar da Ra'afat ya fara zuwa makaranta, lokacin da masu gonakin kifi ke watsa ɗanyar dusar shinkafa a ruwa, iska ta kwashe rabi ta kai wa ciyayin bakin gaɓa. Tun a lokacin ba sabuwa ba ce, ta yi aiki a wata ƙasar kafin ta zo. Hajj ya zagaya ta, ya dafa ta, ya raɗa mata sunan wata gwaggonsa mai ƙiba da yawan mita. Babu wanda ya ce sunan bai dace ba.

Aikinta guda ne, kuma ba ta taɓa cewa ta iya wani ba. A niƙa masara da waken suya da dusar shinkafa da ɗan garin kifi, a gauraya, a busa musu tururi, a zuba mata. Ta danna su ta cikin zobenta, wani ƙaton zoben ƙarfe mai huda-huda, su fito ƙwaya-ƙwaya da ɗuminsu. Da safe takan fara da tari, kuh, kuh, kamar tsohon da ya kwana da shisha. Sai ta gyara murya ta kama dum-dum-dum, har kofunan shayi su riƙa rawa a kan tire. In haɗin ya bushe mata sai ta yi ƙiii, kowa ya san an yi mata rowar tururi. In ta ji daɗi kuwa, sai ka ji ƙwayoyi suna zuba tsat-tsat-tsat kamar ruwan sama a kan kwano. Abla ta yi shekaru tana gyara takardun jarrabawar 'yan mata a kan wannan kiɗan, har ta kai in na'urar ta tsaya sai jan biron ma ya tsaya.

Ba a ɓoye aibin mamaci a sanarwa irin wannan in aibin ne ya jawo maganar. Gamalat tana da aibi, kowa ya sani. Ƙwayarta ba ta da ƙarfi. Ka buɗe buhu, ka tura hannu ƙasa, ka fito da shi fari fat da gari. Ka watsa ƙwayar a ruwa, ta nutse, kafin ta daɗe a ƙasa ta wargaje ta koma taɓo. Karfasa, da yake ita mai haɗama ce, takan cafke abin da ta samu a hanya. Sauran ya sauka.

To a ƙasan akwai mai jira. Duk mai gona a wannan yanki ya san ba karfasa kaɗai ake zubawa a tafki ba, akan haɗa ta da buri, dogon kifin nan mai ƙaramin baki da ba ya kokawar abinci da kowa. Shi dai ya bi ƙasa yana tsotsar laka yana tacewa. Abin da ya wargaje daga ƙwayar Gamalat shi ne tuwonsa. Haka yake ci shiru-shiru tun daga ɗumin ruwa har sanyi ya shigo, cikinsa ya yi kitse, bayansa ya yi faɗi. Babu wanda ya tsara wannan, babu wanda ya rubuta shi a jikin buhu. Haka dai abin yake tafiya.

Daga wannan buri ne ake yin fesikh na gidan Shatta, wato kifin da ake tsumawa a gishiri. Tun Hajj yana raye, in sanyi ya fara ja da baya sai a kwashe burin tafkin gida a kai wa Mu'allim Girgis, mai sana'ar gishiri, ya shanya shi ya kumbura, ya jera shi a gangunansa na katako, gishiri bisa gishiri. Ranar bikin Shammun Nasim kuwa, bikin shigowar bazara, babu gidan da ba a aika wa a ƙauyen nan, na Musulmi da na Kirista, da koren albasa da lemun tsami a gefe. A ranar ce 'ya'yan Abla mata suke dawowa daga Alƙahira da Mansura da 'ya'yansu, a shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, a ci da hannu, mai yana bin gwiwar hannu, gida ya yi kwanaki yana wari kowa yana murna. Da Hajj ya rasu, Abla ta bar abubuwa da yawa suka tafi tare da shi. Wannan ba ta bari ba.

Bara ne sabuwar na'ura ta zo. Doguwa ce, mai sheƙi, ba ta da suna sai lamba. Ita dafa abincin take yi da matsi da zafi har ƙwayar ta kumbura, ta yi iyo a saman ruwa, mai gona ya tsaya yana kallon kifinsa yana ci. Tare da ita aka samu Dakta Midhat, masanin abincin kifi, mutum mai ladabi da fararen takalma waɗanda ba su taɓa sanin gaɓar tafki ba. An tara masu gonaki a farfajiyar masana'anta, aka ɗaura ƙyalle mai cewa a ƙara inganci a ƙara yawa. Dakta ya sa aka kawo kofunan shayi biyu da ruwa a ciki. Ya jefa sabuwar ƙwaya a ɗaya, ta zauna a sama, kyakkyawa, ko gezau. Ya jefa ta Gamalat a ɗayan, ta nutse, ta fashe, ruwan ya yi duhu. Ya ɗaga kofin sama kowa ya gani.

"Kun ga wannan? Wannan asara ce. Abinci ne da babu wanda zai ci."

Abla tana zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya. Ta ce, "Dakta, a ƙasan kofin nan naka wa yake zaune?"

"Babu kowa, Hajja. Kofi ne."

"To a ƙasan tafkina akwai."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta yi magana a taron maza. Dakta ma ya yi murmushi, ya ce Allah ya ƙara wa Hajja lafiya, ya ci gaba da bayaninsa.

A nan dole a faɗi gaskiya, domin Abla ba ta musun abin da idonta ya gani. Sabuwar ƙwayar ta yi aiki. Karfasa ta girma da sauri, ruwa ya rage wari, manyan gonaki suka yi layi a ƙofa. Ra'afat bai yi kuskure ba da ya kawo ta, kuma uwarsa ta faɗa masa haka sau ɗaya, ta ce kada ya sa ran na biyu. Abin da ya dame ta shi ne yadda kowa ya haddace magana guda kamar karatun 'yan aji ɗaya: ƙwaya mai kyau ita ce wadda ba ta wargajewa. Aka daina tambaya, mai kyau ga wa? Ta sha gaya wa ɗalibanta cewa amsar da duk aji ya bayar da murya ɗaya ita ce ta fi bukatar a sake dubawa, ga shi yanzu ajin ya koma ƙasa guda.

Aka mai da tafkin gida kan abinci mai iyo. Karfasa ta cinye komai a sama, ko ɓurɓushi bai sauka ba. Da lokaci ya yi aka kwashe buri aka kai wa Mu'allim Girgis. Ya ɗauki guda, ya danna cikinsa da babban yatsa, ya juya shi, ya dubi Abla ta saman gilashinsa.

"Abla, kifi kika kawo mini ko rular da kike dukan 'yan mata da ita?"

"Ban taɓa dukan kowa ba, Mu'allim. Sa masa gishiri."

"Gishiri zan sa, amma gishiri ba ya haifar da kitse. Kada gobe ki ce Girgis ya tsufa hannunsa ya mutu."

Ya sa. Abin da ya fito daga ganga ranar biki ya fi kama da tafin takalmi. An aika wa gidaje kamar yadda aka saba, domin rashin aikawa ya fi muni. Maƙwabta mutanen kirki ne, ba wanda ya ce uffan a kan kifin. Albasa suka yaba. Gida bayan gida aka aiko da godiya, cewa kai, albasar bana ta yi daɗi, a ina aka samo ta? Babbar 'yar Abla ta ci loma biyu ta ce cikinta ne ba ya so. Ƙaramar ta ce baɗi wataƙila su zauna a Alƙahira, tafiyar da yara akwai wuya. Abla ta naɗe tabarmar da kanta.

Washegari ta tsaya a kan Ra'afat, ta ce Gamalat za ta ci gaba da aiki, don tafkin gida da ƙananan masu gona da har yanzu suke neman abinci mai nutsewa. Ya yarda, amma da sharaɗi.

"Umma, sunan Baba ne a jikin buhun nan. Yanzu kowane mai saye hannu yake turawa ƙasan buhu, wasu har da kofinsu suke zuwa. Ba zan fitar da abin da za a yi mana dariya ba. In za ta yi aiki, sai an gyara ta."

"Babanka ya yi shekaru yana ganin garin nan bai mutu da kunya ba, ya Bashmuhandis, babban injiniya."

"Zamanin Baba ba a gwadawa."

"Ana gwadawa. A baki ake gwadawa, ranar biki."

Amma ta bari. Masana'antar a hannunsa take, kuma ita ma a lokacin ta ɗauka gyara kaɗan ba zai cutar ba. Daga nan jinyar marigayiya ta fara, alhali lafiyarta ƙalau.

Farko aka cire mata zobenta na asali, wanda hudojinsa suka buɗe saboda shekaru, aka sa mata sabo mai kauri da matsattsun hudoji. Abla ta sa aka mirgina tsohon zuwa bayan gidanta, ta ce tukunyar furanni za ta ɗora a kai. Sai aka ƙara niƙa haɗin ya yi laushi kamar garin burodi. Sai aka zuba wani sinadari mai danƙo don ƙwayar ta kama jikinta. Sai aka ƙara tururi. Kuma da yake ƙyallen ya ce inganci da yawa, ba ɗaya daga ciki ba, sai aka hana ta hutun tsakar rana da ta saba tun zamanin Hajj, a tsakiyar zafin da ko jaki ba a ɗora wa kaya. Aka ce wa tsohuwa ta tura abu mai danƙo ta ƙofar da ta fi ta da ƙunci, kuma ta yi sauri.

Ta yi biyayya, abin da ya fi ƙona ran Abla ke nan. Dum-dum ɗin ya koma gurnani, gurrr, gurrr, jikinta ya riƙa zafi har giris yana narkewa yana ɗiga, amma ƙwayar ta fito sumul, mai sheƙi, mai tauri. Ka tura hannu ƙasan buhu ka fito da shi tsaf. Dakta Midhat ya zo ya jefa ta a kofi, ta nutse ta zauna a ƙasa kamar tsakuwa, ruwan garau. Ya taya Ra'afat murna. Ya ce an warkar da ita.

An warkar da ita kuwa. Ƙwayar ta riƙa sauka ƙasan tafki a dunƙule, karfasa ta bi ta can ta tsince ɗaya bayan ɗaya, buri yana gefe da ɗan bakinsa yana kallo. Da dabino ya fara ja a bishiya, Abla ta sa aka jefa birgi, ragar kamun kifi, a tafkin, aka jawo mata buri uku ta duba. Kai babba, jiki siriri, ciki a lotse. Ta ce a mayar wa Gamalat zobenta na da, yau ɗin nan. Ra'afat ya ce akwai buhunan da aka yi alkawari, a bari zuwa Alhamis. Marigayiya ba ta kai Alhamis ba.

Waɗanda suke wurin sun ce ta yi tarinta na safe kamar kullum, sai dai ya fi tsawo. Ta yi gurnani har hantsi. Sai ta yi wani ƙiii da ba a taɓa ji daga gare ta ba, siriri, kamar mai neman a saurare ta sau ɗaya. Sai ƙwas. Sai shiru. Abla tana gida tana tsince shinkafa, shirun ne ya iso mata, ta ajiye tiren ta ɗauki mayafi. An kira Usta Farag makanike, ya buɗe ta, ya leƙa, ya goge hannunsa a hankali. Ya ce babban sandan cikinta ya karye biyu, akwatin giyar da ke juya ta ya tsage, kuma masu ƙera irinta sun rufe tun kafin a yi masa aure. Ya ce ko a Iskandariyya ba za a samu ba. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, sannan ya tambaya ko za a bar masa bel ɗin.

Marigayiya ta bar baya da yawa. Ta bar injin niƙa, abokin zamanta, wanda ya girme ta kuma ya kurumce, har yanzu yana niƙa bai san abin da ya faru ba. Ta bar tukunyar tururi. Ta bar doguwar na'ura mai lamba, wadda ba ta tsaya ko na minti ɗaya ba don girmama gawa, kuma ba a riƙe ta da laifi ba, ba a yi ta don ta san kowa ba. Ta bar tantabarun hasumiyar gidan, waɗanda kakannin kakanninsu suka tashi a kan garin da ake sharewa daga ƙarƙashinta, yanzu suna sauka a farfajiya mai tsabta suna duban juna. Ta bar ƙananan masu gona da suke zuwa da keken jaki. Sannan ta bar marayu a ƙasan tafkin gidan Shatta, ba su ƙirguwa, ba su kuka, ba su san ma sunanta ba. Ruwa ya fara sanyi da asuba. In sanyin ya kankama buri zai daina ci, abin da ya tara kafin nan shi zai kai ganga.

Mu'allim Girgis ya zo ta'aziyya tun ranar, ya sha gahawa ba sukari, ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya ce, "Abla, ba ranar faɗa ba ce, amma gara ki ji daga bakina. Gangunan nan na katako da nake ajiye miki, mutane suna roƙo. In irin na bikin da ya wuce za ki kawo, ki bar ni in ba wani. Sunana ma yana cikin gangar."

"Kowa da sunansa a jikin wani abu," in ji Abla. "Sai kifin ne ba wanda ya tambaya."

Da la'asar ta ja Ra'afat zuwa bakin tafki, ta sa aka sake jefa birgi, ta ɗora masa buri a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Tun yana ƙarami shi ne mai zaɓar mafi ƙiba a kai wa Girgis, ya san yadda nauyin yake a da.

"Sabuwar ma tana iya yin mai nutsewa, Umma, in an sauya mata saiti."

"Dafaffe, mai tauri, wanda zai ci jarrabawar kofi. Ka taɓa ganin buri da haƙori?"

"To a sayo buri mai ƙiba a wata gonar. Wa zai sani?"

"Haka ne. In 'yan uwanka sun ƙi zuwa kuma, sai a sayo mini jikoki a kasuwar Baltim, wa zai sani?"

Ya mayar da kifin ruwa. Ya tambaye ta me take so. Ta ce ba wani abu mai wuya ba: ɗanyen haɗi daga injin niƙa, mai ɗan kaushi irin na da, ba sinadari, da ruwan zafi daga tukunyar tururi. A kwaɓa da hannu, a dunƙula kamar kan jariri, a jefa ya nutse ya wargaje a ƙasa a hankali. Kowace safiya, har ruwa ya yi sanyi.

"Tafki guda, da hannu? Umma, ƙauyen gaba ɗaya kike so ki mayar na'ura?"

"Na'ura guda ta ciyar da ƙauyen shekara talatin. Su rama mata."

Ya tafi. Washegari da safe sai ga shi a ƙofar kicin ɗinta, hannun rigarsa a naɗe, dusa har gwiwar hannu, riƙe da kofin shayi. Ruwan ciki ya yi duhu, taɓo ya kwanta a ƙasa.

"Na kwaɓa kaɗan na gwada," in ji shi. "Ya wargaje. Ya faɗi jarrabawar."

"Madalla," in ji Abla. "Je ka kwaɓa irinsa."

Ba a ce wannan zai cece su ba. Lokaci ya ƙure, kuma Abla, da ta yi rayuwarta tana hana yara faɗin sakamako kafin gwaji, ba za ta yi wa kowa alkawarin kitse ba. Abin da ta sani shi ne ba ta san bukukuwa nawa suka rage mata ba, kuma ba ta da niyyar ƙarar da ko ɗaya tana karɓar godiya a kan kayan lambu.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka aiko da saƙo. Har da Dakta Midhat, wanda ya bugo waya ya yi ta'aziyya, ya kuma sanar da Ra'afat cewa masana suna aiki a kan wani sabon abinci na musamman don buri, mai nutsewa ya wargaje sannu a hankali, kuma ana sa ran zai kawo babban sauyi. An gode masa. An gaya masa an taɓa samun mai yin irinsa a nan, amma an warkar da ita.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, masu makokin haushi suke ji ba zarewa suka yi ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafuna zai zo da motarsa ranar Asabar bayan azahar ya ɗauki gangar jikin, kuma ana roƙonsa ya rage ihun tallansa in ya shigo layin. Bel ɗin an bar wa Usta Farag. Zobenta na asali kuwa ba ya cikin ciniki. Ranar Lahadi da sassafe za a ɗora shi a kwalekwale, Ra'afat ne zai tuƙa, a kai shi tsakiyar tafkin gida, a ɗaura masa igiya da jarka don a gane wurin, a sake shi ya nutse. A nan za a riƙa jefa dunƙulen kullum, domin marayun su san inda za su zo. Ta yi rayuwarta tana aika abinci ƙasa ba ta taɓa ganin masu ci ba, yanzu za ta zauna a cikinsu.

Zaman makoki ba na kwana uku ba ne. Za a fara daga wannan Lahadin, kowace safiya a farfajiyar masana'anta, har ranar da Abla za ta sa hannu a ruwa ta ce ya isa. Ba a kafa rumfa ba, ba a ɗauko kujerun haya ba, domin ba zama za a yi ba. Akwai gahawa ba sukari. Mata da maza, kowa ya zo da kwanonsa babba da tufafin da ba ya jin tausayinsu, a cire zobe da agogo tun daga gida. Mai ciwon baya zai iya dunƙulawa a zaune. Dakta Midhat ma ana gayyatarsa, sai dai ya sauya takalmi.

Ba a tilasta wa kowa ba, kuma Abla ba ta rubuta sunan kowa. Ta dai yi shekaru tana shiga aji ta gane wanda bai zo ba tun kafin ta ajiye jaka. Duk gidan da aka ga hannunsa a cikin dusa, in Allah ya kai mu Shammun Nasim, za a aika masa da abin da ya fito daga ganga, kome ya zama. Gidan da ba a gani ba shi ma ba za a manta da shi ba. Za a aika masa da albasa, tunda an ji yana sonta.